Bayan Rushewar Haikali: Yadda Yahudanci Ya Yi Rassa

A shekara ta 70 miladiyya rundunar Rumawa a ƙarƙashin Titus ta fasa ganuwar birnin Ƙudus, ta cinna wa Haikalin Yahudawa wuta. Sai wanda ya san yadda addinin yake a wancan zamani zai gane girman wannan asara. Ibada duk a wuri guda take rataye. Can ake miƙa hadaya safe da yamma, can firistoci zuriyar Annabi Haruna suke hidima, can jama'a suke yin tururuwa sau uku a shekara domin idi. Da ginin ya zama toka, aka wayi gari hukunce-hukunce masu yawa na Attaura ba su da wurin da za a aikata su. Nan aka fara tambayar da har gobe take raba kan Yahudawa: wa ke da ikon faɗin abin da Attaura take nufi a yau, kuma me za a iya sauyawa ba tare da addinin ya tashi daga sunansa ba?

Ko kafin gobarar, kansu ba a haɗe yake ba. Yusufus, Bayahuden marubucin tarihi da ya ga yaƙin da idonsa, ya bayyana ɓangarorin zamaninsa. Sadukiyawa su ne manyan firistoci da masu hannu da shuni, sun tsaya a kan rubutacciyar Attaura, ba su yarda da tashin matattu ba. Farisiyawa malaman cikin jama'a ne, sun yi imani da tashin ƙiyama, suna kuma cewa bayan rubutacciyar Attaura akwai bayanin baka da aka ba Annabi Musa, ana karɓarsa daga malami zuwa almajiri. Esenawa sun ƙaurace wa mutane domin neman tsarki, kuma masana da yawa na ganin su ne masu naɗaɗɗun littattafan da aka fara tsinta a kogunan duwatsun Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947. Ga kuma masu zafin kishin da suka hura wutar tawaye ga Rumawa. Samariyawa kuwa tun da daɗewa suka raba gari da kowa. Su Dutsen Gerizim da ke Nablus suka sani a matsayin wuri mai tsarki, littattafai biyar na Annabi Musa kaɗai suke karɓa. Yau ba su cika mutum dubu ba, amma duk Idin Ƙetarewa sai sun yanka tumaki a kan dutsen.

Faɗuwar Haikali ta tafi da Sadukiyawa, don ba su da abin yi in babu bagade. Takobin Rumawa ya gama da masu tawaye. Magadan Farisiyawa ne suka tsira, saboda kayansu a ka suke ɗauke da shi. Ruwayar Yahudawa ta ce almajiran Yohanan ben Zakkai sun fitar da shi daga birnin a cikin makara lokacin da aka yi masa ƙawanya, ya roƙi kwamandan Rumawa a bar masa garin Yabne da malamansa. A can aka sake ɗinke addinin. Addu'a sau uku a rana ta tsaya a gurbin hadaya, majami'ar unguwa ta zama wurin taruwa, malami da ake kira rabbi ya karɓi jagoranci daga hannun firist. Wajajen shekara ta 200, Yahuda Hanasi ya tattara bayanin bakan a littafin Mishna. Malaman Falasɗinu da na Iraƙi suka shafe ƙarnoni suna tattauna shi, abin da suka tattauna ya zama Talmud, kuma na Iraƙi ne ya fi samun karɓuwa.

Duk wanda ya buɗe Talmud yana neman hukunci a taƙaice zai sha mamaki. Muhawara ce zalla. Wannan malami ya faɗi, wancan ya ƙalubalance shi, a kawo hujja, a rushe ta, wani lokaci a tashi ba a yanke komai ba. Saɓanin makarantar Hillel da ta Shammai ya cika littafin, kuma ko da yake an fi bin Hillel, ba a goge maganar Shammai ba. A ganina wannan ɗabi'a ta ajiye ra'ayin wanda aka kayar ita ce ta riƙe Yahudawa ƙarnoni da dama suna jayayya ba tare da igiyar ta tsinke ba.

Ƙalubale na farko mai ƙarfi a Bagadaza ya taso, zamanin Abbasiyawa. A ƙarni na 8, Anan ben Dawud ya yi watsi da ikon malaman Talmud, kuma daga baya mabiya irin wannan ra'ayi suka dunƙule da sunan Kara'awa, masu cewa a koma wa nassi kaɗai. Fitilar daren Asabar ta isa nuna bambancin. Attaura ta hana kunna wuta ranar Asabar. Malaman Talmud suka ce a kunna fitila kafin rana ta faɗi ran Juma'a a bar ta tana ci, har suka mayar da hakan ibada da uwargida take yi da addu'a. Kara'awan farko suka ce a'a, barin wuta tana ci ma laifi ne, suka riƙa kashe komai, su kwana cikin duhu su ci abinci da sanyinsa. Sa'adiya Gaon, haifaffen Fayyum ta Masar da ya shugabanci makarantar Sura a Iraƙi ya kuma fassara Attaura zuwa Larabci, shi ya fi kowa yi musu raddi kafin rasuwarsa a 942. Duk da haka takardun da aka samu a ɗakin ajiyar wata tsohuwar majami'a a Alƙahira sun nuna ana auratayya tsakanin ɓangarorin biyu, a rubuta cikin takardar aure cewa kowa zai mutunta al'adar ɗan'uwansa. Kara'awa na nan har yanzu, dubban gomomi ne, akasarinsu a Isra'ila. A majami'arsu ana cire takalmi, ana yin sujada a kan shimfiɗa.

Rabuwar da ta biyo baya nisan ƙasa ne ya kawo ta. Waɗanda suka zauna a Andalus ƙarƙashin mulkin Musulmi aka san su da Sefardawa, na garuruwan bakin kogin Rhine a Jamus da arewacin Faransa kuma Ashkenazawa. Littafi ɗaya, Talmud ɗaya, amma lafazin karatu da tsarin addu'a da wasu hukunce-hukunce suka sha bamban. Wajajen shekara ta 1000, Rabbi Gershom na Mainz ya haramta wa Ashkenazawa auren mace fiye da ɗaya, haramcin da bai hau kan Yahudawan Yaman ko Maroko ba. Andalus ita ta haifi Musa bin Maimun, ɗan Ƙurɗuba da ya ƙare rayuwarsa yana likita a fadar Masar, ya rasu a 1204. Ya tsara fiƙihun Yahudawa kaf babi-babi, sannan ya rubuta Dalalatul Ha'irin yana sasanta wahayi da falsafar Aristotil. Da Larabci ya rubuta shi amma da haruffan Ibrananci, kamar dai yadda malamanmu suke rubuta Hausa da ajami. Wasu malaman kudancin Faransa suka ga falsafar ta yi yawa, rikici ya kai har aka ƙona littattafansa wajajen 1232. Yau kusan kowane ɓangare na tinƙaho da shi.

Da aka kori Yahudawa daga Sifen a 1492, suka watsu zuwa Arewacin Afirka da daular Usmaniyya, inda Sarki Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa. Cikin yaran da aka fita da su har da Yusuf Karo, wanda ya girma ya rubuta Shulhan Aruk, taƙaitaccen littafin hukunci da aka buga a Venice a 1565. A kan al'adar Sefardawa ya gina shi. Musa Isserles na Krakow a Polan bai tsaya rubuta kishiyar littafin ba, sai ya bi shi yana ƙara bayani duk inda Ashkenazawa suka saɓa, aka riƙa buga su a shafi guda. Shi ya sa har yau a Idin Ƙetarewa za ka ga gidan Bayahuden Iraƙi ana cin shinkafa, maƙwabcinsa ɗan asalin Polan ba ya ko taɓa ta, kuma babu mai kafirta wani.

Garin Safad na Galili, inda Karo ya zauna, shi ne kuma cibiyar Kabbala, ilimin baɗini da ya samo ƙarfinsa daga littafin Zohar wanda ya bayyana a Sifen ƙarshen ƙarni na 13. Ishaƙ Luriya, da ya rasu a 1572 bai cika shekara arba'in ba, ya koyar da cewa tun farkon halitta wani abu ya fashe, hasken Ubangiji ya warwatsu cikin duniya, kuma duk umarnin da Bayahude ya cika yana mayar da wani ɓangare na hasken inda ya fito. Ga mutanen da aka yi ta kora daga ƙasa zuwa ƙasa, wannan koyarwa ta ba wahalarsu ma'ana. Ta kuma sa zukata suka ƙagu da zuwan Almasihu, musamman bayan kisan gillar da aka yi wa Yahudawan Yukren a tawayen 1648.

A 1665 wani matashin malami a Gaza mai suna Natan ya shelanta cewa Shabbetai Sebi, mutumin Izmir, shi ne Almasihun. Labarin ya game duniyar Yahudawa daga Yaman har Amsterdam. Mutane suka bar kasuwanci, wasu suka sayar da gidaje. Wata 'yar kasuwa a Hamburg, Glikel, ta ba da labari a littafin tarihin rayuwarta cewa surukinta ya aiko musu da ganguna biyu cike da tufafi da wake da busasshen nama, guzurin tafiya ƙasa mai tsarki, suka daɗe a ajiye ana jiran kira. Kiran bai zo ba. A 1666 hukumar Usmaniyya ta gurfanar da Shabbetai a Edirne, aka ba shi zaɓi tsakanin mutuwa da musulunta, ya ɗaura rawani. Wasu tsiraru suka bi shi suna riƙe da aƙidarsu a ɓoye, su ne Donme na Turkiyya. Sauran kuwa kunya ta rufe su, malamai suka ɗauki darasin cewa duk wani sabon shauƙi na addini abin tsoro ne.

Da wannan tabon aka tarbi Hasidawa. Jagoransu na farko, Isra'ila ben Eliyezar, wanda aka fi sani da Ba'al Shem Tob, ya rayu a yankin Podoliya na Yukren, ya rasu a 1760. A lokacin daraja duk ta masu zurfin Talmud ce, mai sarar itace da mai tuƙa keken doki ba su da ta cewa. Shi kuma ya koyar da cewa babu wurin da Ubangiji ba ya nan, cewa addu'ar jahili da ta fito daga zuciya tana isa inda ta malami mai girman kai ba ta isa, kuma farin ciki ibada ne. Almajiransa suka bazu a ƙauyukan Polan da Yukren, kowanne ya kafa zaurensa. Shugaban zaure shi ne rebbe. Mabiyi kan yi tafiyar kwanaki ya kai masa 'yar takarda ɗauke da sunansa da na mahaifiyarsa da buƙatarsa, ko ta haihuwa ko ta ciniki ko ta rashin lafiya. Daren Asabar a kewaye teburinsa ana rera waƙoƙin da sau da yawa ba su da kalmomi, ana rububin ragowar abincinsa don neman albarka. Shugabancin ya zama gado, gidajen suka ɗauki sunayen garuruwansu: Belz, Ger, Lubabich, daga baya Satmar.

Malaman Lituweniya suka ce ba za ta saɓu ba. Jagoransu Iliya ben Sulaiman, gwanin Vilna, mutum ne da aka ce barcinsa bai wuce 'yan sa'o'i ba saboda karatu. A 1772 aka yi shelar ƙaurace wa Hasidawa a Vilna, aka ƙona rubuce-rubucensu. Ana zarginsu da jinkirta addu'a har lokacinta ya wuce, da raina karatu, da wuce gona da iri wajen girmama rebbe, har da sauya irin wuƙar yanka, abin da ya sa aka hana cin yankansu. Gaba ta kai ga kai ƙara wurin hukumar Rasha, aka tsare Shneur Zalman, wanda ya kafa reshen Habad, a birnin St. Petersburg a 1798. Amma abin da ya fi tasiri cikin martanin 'yan Lituweniya shi ne makarantar da almajirin gwanin Vilna ya buɗe a Volozhin a 1803, wadda ta zama abin koyi ga manyan makarantun Talmud da ake kira yeshiba. Abin lura shi ne jikokin waɗannan abokan gaba yau a sahu ɗaya suke, saboda wani abin da ya fi ƙarfinsu duka ya taso daga yamma.

Shekaru aru-aru Bayahuden Turai a keɓe yake, yana da unguwarsa da kotunsa, malami na iya hukunta shi. A 1791 Faransa ta ba Yahudawa cikakken 'yancin zama 'yan ƙasa, wasu ƙasashe suka biyo baya sannu a hankali. Ƙofa ta buɗe zuwa jami'a da aikin gwamnati, ikon malami na tilastawa ya faɗi. A Berlin, Musa Mendelssohn ya riga ya fassara Attaura zuwa Jamusanci don jawo mutanensa ga ilimin zamani. Shi kansa ya riƙe addininsa har ya rasu a 1786, amma huɗu daga cikin 'ya'yansa shida sun koma Kiristanci. Wannan shi ne tsoron da ya kama kowa, kuma duk ɓangarorin zamani amsa ce ga tsoron nan.

Masu neman gyara, 'yan Rifom, suka ce in ba a sassauta ba matasa za su tafi gaba ɗaya. A Hamburg a 1818 suka buɗe wurin ibada mai kayan kiɗa da ƙungiyar mawaƙa da huɗuba da Jamusanci, suka taɓa addu'o'in da ke roƙon komawa Ƙudus da dawo da hadaya. Sun kira wurin haikali da gangan, don nuna ba sa jiran wani. Masaninsu Abraham Geiger ya kafa hujja da tarihi: tunda malaman Yabne sun sauya addinin don ya rayu, na yau ma suna da wannan dama. A birnin Pressburg, wato Bratislava ta yau, Musa Sofer ya ja daga, ya ce duk sabon abu haram ne, ko da sauya tufafi ne ko harshen huɗuba. Daga irin wannan tsayuwa Haredawa suka fito, masu baƙaƙen riguna da huluna da ake gani a hotuna. Mutane kan ɗauka su ne Yahudancin asali da bai taɓa motsi ba, alhali tsananin nasu ma ɗan zamani ne, katanga ce da aka gina bayan an ga ruwa na shigowa. Samson Raphael Hirsch na Frankfurt ya bi wata hanya: a riƙe hukunci duka, a kuma shiga jami'a a sa kwat. Masu riƙe hukunci duka su ake kira Otodoks, shi kuma shi ne kakan Otodoks na zamani. Zakariya Frankel kuwa ya halarci taron malaman gyara a Frankfurt a 1845, da ya ga sun yanke cewa Ibrananci ba dole ba ne a addu'a sai ya fice. Ra'ayinsa shi ne hukunci na sauyawa, amma a hankali kuma daga cikin gida. Makarantar da ya jagoranta a Breslau daga 1854 ita ce tushen 'yan tsaka-tsaki, waɗanda daga baya aka sani da Konsabatif.

A Amurka ne wannan rabuwa ta zama ƙungiyoyi masu ofis da makarantu. Ishaƙ Mayer Wise ya so ya haɗa Yahudawan ƙasar a inuwa ɗaya, ya kafa kwalejin horar da malamai a Cincinnati a 1875. A 1883 aka shirya walimar yaye ɗaliban farko, aka gayyato malamai daga kowane ɓangare. Da aka fara kawo abinci sai ga ƙaguwa da jatan lande da ƙafafun kwaɗi, daga baya ga askirim a kan nama. Babu naman alade, amma dokar abinci ta Yahudawa ta haramta duk abin ruwa marar fiffike da ɓawo irin na kifi, ta kuma hana haɗa nama da madara. An ruwaito cewa wasu baƙin sun tashi sun bar wurin. Shekara biyu bayan haka, a Pittsburgh, malaman Rifom suka fito fili suka ce dokokin abinci da na tufafi sun yi zamaninsu, kuma su al'ummar addini ce kawai da ba ta jiran komawa Falasɗinu. Waɗanda abin ya yi wa yawa suka kafa tasu makarantar a Niyok a 1886, ita ce cibiyar Konsabatif. Sai ga Yahudawa sama da miliyan biyu sun kwararo daga gabashin Turai tsakanin 1881 da 1924, Rifom ta yi musu kama da coci, Otodoks kuma ta yi wa 'ya'yansu nauyi. Konsabatif ta kwashe su. A 1950 malamanta suka halatta tuƙa mota zuwa majami'a ranar Asabar saboda mutane sun koma unguwannin bayan gari, fatawar da Otodoks ba su taɓa yarda da ita ba.

Maganar mata ta ƙara faɗaɗa ramin. Mordekai Kaplan, wanda ya ɗauki Yahudanci a matsayin wayewar al'umma mai sauyawa ya kuma kafa nasa ƙaramin reshe, ya yi wa 'yarsa bikin balaga a majami'a a 1922, abin da a da na 'ya'ya maza ne kaɗai. Regina Jonas ta zama mace ta farko da aka naɗa rabbi a Jamus a 1935, 'yan Nazi suka kashe ta a Auschwitz a 1944. Rifom ta Amurka ta naɗa Sally Priesand a 1972, Konsabatif ta bi sahu a 1985. A majami'un Otodoks har yanzu akwai shamaki tsakanin maza da mata. Amma abin da ya fi zafi ya zo a 1983, lokacin da Rifom ta ce ɗan da ubansa kaɗai ne Bayahude shi ma Bayahude ne muddin an rene shi a addinin. Hukuncin Talmud ta wajen uwa yake bi. Daga nan saɓanin ya tashi daga yadda ake ibada ya koma kan wane ne ma ɗan gida. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na Yahudawan Amurka 'yan Rifom ne, 17 Konsabatif, 9 Otodoks, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ba sa jingina kansu da kowa.

Aƙidar Sahayoniya, ta neman kafa wa Yahudawa ƙasa, ta ratsa duk waɗannan ɓangarori. Jagoranta Theodor Herzl ɗan jarida ne da addini bai dame shi ba. A Munich ya so yin babban taronsa na 1897, malaman Jamus na Rifom da na Otodoks suka haɗu suka ƙi, dole ya koma Basel. Na farko suna ganin su Jamusawa ne, na biyu suna ganin kafa ƙasa kafin zuwan Almasihu shisshigi ne ga Ubangiji. Kisan Yahudawa miliyan shida a hannun 'yan Nazi ya sauya lissafin. Ya shafe cibiyoyin Hasidawa da makarantun Lituweniya kusan ƙurmus, ya kuma sa mafi yawan waɗanda suka rage, har da Rifom, suka rungumi Isra'ila. Ban da irin su Satmar, da Yo'el Teitelbaum ya sake ginawa a Niyok, waɗanda har yau suke ganin ƙasar saɓo ce, da 'yar ƙaramar ƙungiyar Neturei Karta da ake gani da tutar Falasɗinu a zanga-zanga. A ɗaya gefen akwai almajiran Rabbi Abraham Kook, da suka ɗauki kafa ƙasar a matsayin farkon fansa. Bayan yaƙin 1967 wannan fahimta ta haifi Gush Emunim a 1974, wadda ta jagoranci gina matsugunai a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Falasɗinawan da aka karɓe wa gonaki da tuddai su suka fi kowa sanin nauyin wannan fassara.

Cikin Isra'ila kanta tsugune ba ta ƙare ba. Firaministanta na farko, David Ben-Gurion, da yake neman goyon bayan masu addini, ya bar aure da saki a hannun malaman Otodoks, ya kuma yafe wa ɗaliban yeshiba kimanin 400 aikin soja a 1948. Haredawa masu yawan haihuwa ne, yanzu sun haura kashi 13 cikin ɗari na mutanen ƙasar, waɗanda yafiyar ta shafa sun haura 60,000, har kotun ƙoli ta yanke a watan Yunin 2024 cewa dole a fara ɗaukarsu. Yahudawan da suka zo daga Maroko da Iraƙi da Yaman ba su san rabuwar Jamus ba. Da yawansu kan yi addu'ar daren Asabar a gida, gobe su tafi kallon ƙwallo, ba sa ganin sun fita daga komai. Rainin da suka sha a hannun Ashkenazawa ne ya haifi jam'iyyar Shas a 1984 a ƙarƙashin Obadiya Yosef, haifaffen Bagadaza. Ga kuma dubban ɗaruruwan da suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet: dokar ƙasa ta karɓe su saboda kaka ɗaya Bayahude ya isa, hukumar malamai kuma ta ce ba Yahudawa ba ne, don haka da yawa sai sun tsallaka Ƙubrus ake ɗaura musu aure.

Afirka ma ta shiga wannan taƙaddama. Beta Isra'ila na Habasha sun rayu ƙarnoni ba su san Talmud ba. Littafinsu da harshen Ge'ez yake, jagororinsu firistoci ne da ake kira kes, suna da idin Sigd da babu wanda yake da shi sai su. Obadiya Yosef ya ba da fatawa a 1973 cewa Yahudawa ne, aka kwashe dubbai ta Sudan a 1984, sannan sama da 14,000 daga Addis Ababa cikin kwana biyu a 1991. Da suka isa, hukumar malamai ta nemi su yi wankan shiga addini don kawar da shakka. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu a hanyar Sudan saboda wannan addini suka ji abin a matsayin cin fuska, suka yi zaman dirshan a gaban ofishin hukumar a 1985. A nan Najeriya akwai 'yan ƙabilar Ibo da suke bin Yahudanci, suna da majami'u a Abuja da Fatakwal da garuruwan kudu maso gabas, hukumar malaman Isra'ila ba ta amince da su ba. A Yuganda, Abayudaya na kusa da Mbale sun fara bin Attaura tun 1919 a ƙarƙashin Semei Kakungulu, suka jure haramcin Idi Amin, malaman Konsabatif suka zo suka shigar da ɗaruruwansu addinin a hukumance a 2002. Majami'un Konsabatif da na Rifom a duniya suna karɓarsu hannu bibbiyu. Ma'aikatar cikin gidan Isra'ila kuwa ta ce a 2018 ba ta san da su a matsayin al'ummar Yahudawa ba.